Riƙon amanar jam'iyya ko bin aikin tallafa wa talaka: wanne ya fi fisshe ka a Sakkwato?

Kafin zaɓen 2027 ya ƙaraso, duk mai katin zaɓe a jihar Sakkwato zai sake cin karo da tambayar da ya saba cin karo da ita. Shin ya dangwala wa jam'iyyar da ya taso a cikinta ko wa ta tsayar, ko kuwa ya duba wanda shirye-shiryensa na tallafi suka fi isa ga jama'a ya ba shi ƙuri'a, ko da daga wani gida ya fito? A majalisun unguwa ana ce wa na farko ɗan a-mutu, na biyu kuma mai bin cancanta, kowannensu yana ganin ɗan'uwansa bai san ciwon kansa ba. Ni a ganina dukansu suna da hujja, sai dai hujjojin ba nauyinsu ɗaya ba, kuma hanyar da za ta fisshe da wani ba lallai ta fisshe da wani ba.

Sakkwatawa sun riga sun nuna cewa ba kowa ke yin sak ba. A 2019 Muhammadu Buhari na APC ne ya lashe jihar a zaɓen shugaban ƙasa, amma bayan 'yan makonni Aminu Waziri Tambuwal na PDP ya riƙe kujerar gwamna da ratar ƙuri'a 342 kacal, bayan an sake zaɓe a wasu rumfuna. A 2023 abin ya juya: Atiku Abubakar na PDP ya yi rinjaye da ƙyar a na shugaban ƙasa, Ahmed Aliyu na APC ya ci gwamna. Ƙuri'a 342 ba ta kai yawan mutanen da ke cika masallacin Juma'a guda a cikin gari ba. Wanda duk yake cewa tasa ƙuri'ar ba ta hana komai, bai duba wannan lissafi ba.

Mu fara da ɗan a-mutu, domin shi aka fi yi wa rashin adalci idan ana wannan zance. 'Yan boko kan ce jahilci ne ko kwaɗayin taliya da atamfa. Wanda ya zauna da mutanen nan ya san dalilansu sun fi haka zurfi. Na farko gado ne. Wannan ƙasa ce ta haifi Sardauna Ahmadu Bello ɗan Rabah, wanda ya jagoranci NPC mai alamar fartanya har aka kashe shi ranar 15 ga Janairun 1966. Ita ce kuma ta haifi Alhaji Shehu Shagari da ya mulki Najeriya ƙarƙashin NPN daga 1979 zuwa 1983, lokacin da Shehu Kangiwa, daga baya Garba Nadama, ke gwamna a nan. A gidaje da yawa, shiga waɗannan jam'iyyu tsayawa ce da naka, kuma tarbiyyar ta bi jini har bayan jam'iyyun sun mutu. Ina da wani baffa da ya yi NPN tun yana saurayi. Na taɓa ce masa, "Baffa, yanzu fa aiki ake dubawa, ba tuta ba." Sai ya ce, "Ɗana, wanga zance naku zancen yara na. Inda aka san ka, nan ake ɗaukar gawarka." Ban ga abin raini a wannan magana ba. Mutum ne da ya ɗauki riƙon alkawari a matsayin mutunci, kuma al'ummar da ta rasa irinsa ta yi asara.

Dalili na biyu godiya ce, kuma abin da ake gode wa na gaske ne. Matarka tana naƙuda cikin dare, likita ya ce sai an yi aiki, aljihunka babu ko kwabo. Ka buga wa kansila ko wani na jikin jagora waya, kafin asuba kuɗi sun iso. Babu fom, babu lambar NIN, babu jiran a tantance ka. Da azumi ana aiko da buhun gero ko shinkafa da sukari, da salla ana aiko da shadda. Idan 'yan sanda sun kama ɗanka akwai wanda zai je ya tsaya. Idan yaronka ya gama karatu akwai wanda zai rubuta masa 'yar takarda. In ka yi rashi, a zo maka ta'aziyya a zauna a tabarmarka. Babu wani shirin gwamnati, komai kyansa, da zai zo maka ta'aziyya, kuma wanda bai san darajar wannan ba bai san mutanenmu ba.

Dalili na uku shi ne mafi ƙarfi, ko da yake shi aka fi mantawa. Waɗanda suka daɗe a jam'iyya su ne ke zama shugabannin mazaɓa, su ne daliget, su ke cikin ɗaki lokacin da ake fidda ɗan takara. Mai bin cancanta yana alfahari da cewa yana zaɓar wanda ya fi, amma a cikin waɗanda 'yan a-mutu suka riga suka ajiye masa yake zaɓa. Gaskiya ne ɗauki-ɗora da sasanci na manya sun rage wa daliget ƙarfi, amma ko a hakan, wanda yake ciki ya fi wanda yake waje damar cewa wane bai dace ba tun kafin a buga hotonsa.

To ina matsalar? Tana wurin tambayar da ba a son yi: amanar wa ake riƙewa? Attahiru Bafarawa ya hau mulki a 1999 ƙarƙashin APP da ta koma ANPP, ya yi takarar shugaban ƙasa a 2007 ƙarƙashin DPP, daga baya ya shiga PDP. Aliyu Magatakarda Wamakko, wanda ya yi masa mataimaki a ANPP, ya zama gwamna a 2007 ƙarƙashin PDP, ya koma APC a ƙarshen 2013 tare da wasu gwamnoni huɗu. Tambuwal ya fara shiga majalisar wakilai a 2003 da tikitin ANPP, ya zama kakakin majalisa a 2011 yana PDP, ya koma APC a 2014, ya ci gwamna a 2015, ya sake komawa PDP a 2018. Ban kawo wannan don zargin kowa ba. Kowannensu yana da dalilin da ya bayar a lokacinsa, kuma tsarin mulki bai hana gwamna sauya sheƙa ba. Abin da nake so mai karatu ya gani shi ne, manyan da ake yi wa biyayya ba su ɗauki jam'iyya a matsayin auren zobe ba. Sukan duba inda maslaharsu take su koma can. Talakan da ya daina gaisawa da maƙwabcinsa saboda lema da tsintsiya, ko ya hana ɗiyarsa auren ɗan wancan gida, shi ake bari da ƙiyayyar bayan manyan sun zauna sun shirya.

Sai kuma lissafi. Jagora komai buɗin hannunsa, mutum nawa zai iya ɗauka? Ɗaruruwa, ka ce dubbai ma. Jihar nan kuwa miliyoyi ce, ƙananan hukumomi 23, mazaɓu 244. Rahoton talauci na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2019 ya sa Sakkwato a gaban kowace jiha da aka auna, da kusan kashi 88 cikin 100, alhali na ƙasa baki ɗaya kashi 40 ne. Rahotonta na 2022, wanda ya auna talauci ta fuskar lafiya, ilimi, ruwan sha, muhalli da aikin yi, ya sake sa jihar a gaba da kusan kashi 91, na ƙasa kuma 63. Waɗannan alƙaluma suna da ciwo, kuma babu jam'iyyar da za ta wanke hannunta daga gare su, domin tun 1999 ANPP ta yi mulki a nan, PDP ta yi sau biyu, APC ma tana kan na biyu. Inda mutum tara cikin goma suke cikin buƙata, alherin ƙofar gida ba ya isa, kuma wanda ya fi kusa da ƙofar ne ke samu. Mutumin Gawon Nama ko Mabera ya fi na ƙauyen Gudu damar a ji kukansa, namiji ya fi mace, mai baki ya fi mai kunya.

Akwai kuma farashin da ba a faɗa. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda aka biya wa kuɗin asibiti ba zai iya miƙewa a taro ya tambayi dalilin da ya sa asibitin mazaɓarsu ba shi da ungozoma ba, alhali rashin ungozomar ne ya kai shi ga roƙon. Wannan shirun shi ne babbar asarar da ɗan a-mutu ke yi, kuma ba shi kaɗai yake yin ta ba, har da 'ya'yansa.

Yanzu mu juya ga shirye-shiryen tallafi. A nan ma dole a yi hankali, domin mai bin cancanta yakan yi kuskuren haɗa su duka a buhu ɗaya. Rabon shinkafa da babura da keken ɗinki ana gab da zaɓe, da hoton ɗan takara a jikin buhu, wannan ba shi da bambanci da alherin jagora. Abin da ya ƙaru kawai shi ne da kuɗin jama'a aka saya. Wanda ya sauya jam'iyya saboda wannan bai bar siyasar ubangida ba, ubangidan ya canza. Ko TraderMoni, bashin naira 10,000 da gwamnatin tarayya ta riƙa bai wa ƙananan 'yan kasuwa daga 2018, ya sha suka saboda ya zo watanni kaɗan kafin zaɓen 2019, ko da yake gwamnati ta musanta cewa sayen ƙuri'a ne.

Shirye-shiryen da suka cancanci a auna su ne waɗanda suke da ƙa'idar shiga. A 2016 gwamnatin Buhari ta kawo guda huɗu a tare. Akwai N-Power, wanda ya riƙa biyan masu digiri da NCE naira 30,000 a wata su koyar ko su yi aikin lafiya da gona. Akwai ciyar da 'yan aji ɗaya zuwa uku na firamare a kan naira 70 kowane yaro a rana, matan unguwa ne ke dafawa. Akwai ƙananan basussuka, sai kuma tallafin naira 5,000 a wata ga gidaje mafi talauci, wanda aka riƙa biya 10,000 duk wata biyu, galibi a hannun mata. Wani ɓangare na kuɗin wannan na ƙarshe ya fito ne daga dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da Suwizalan ta maido, wani kuma daga Bankin Duniya. Ƙa'idarsa ita ce mutanen gari su zauna su fidda waɗanda suka fi buƙata a cikinsu, a sa su a rajistar ƙasa. Inda aka bi ƙa'idar, bazawara mai marayu da ba ta san kansila ba, ba ta taɓa zuwa gidan wani babba ba, ta karɓi kuɗi a hannunta ba ta durƙusa wa kowa ba. A wurina wannan ne fifikon shiri a kan alheri. Abin da ta karɓa haƙƙinta ne, ba a bin ta bashin godiya, kuma gobe tana iya zaɓar wanda ta ga dama.

Irin wannan ya taɓa faruwa a jihar nan a fannin karatun 'ya'ya mata. A 2014 aka fara wani shiri a Sakkwato da Neja, da hannun UNICEF da kuɗin gwamnatin Birtaniya, inda ake bai wa uwa naira 5,000 duk wata uku a kan kowace 'yarta, don a rage mata dogaro da tallar da yarinyar ke yi. Binciken da aka yi daga baya ya nuna yawan 'yan mata ya ƙaru a makarantun da shirin ya shafa. Duk wanda ya san gidajenmu ya san dalili: uwa ba ƙin boko take yi ba, ribar talla ce ke haɗa kayan ɗakin yarinya da cefanen yau. Da aka rufe wannan gurbi sai yarinya ta tafi aji. Babu jagoran da zai iya yin wannan gida-gida har shekara biyu.

Gwamnatocin jiha ma sun yi nasu. Tun farkon mulkinsa Wamakko ya fara biyan masu buƙata ta musamman naira 6,500 a wata, a lokacin da mafi ƙarancin albashi a ƙasar bai wuce 7,500 ba, don haka kuɗi ne masu tsoka a zamaninsu. A zamanin Tambuwal aka ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, aka mayar da kwamitin zakka da waƙafi hukuma mai doka a 2016, aka kuma kafa hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha. Hukumar zakka tana da wani abu da sauran ba su da shi: mutane sun san hukuncinta tun daga makarantar allo, sun san su wa Alƙur'ani ya ce a bai wa, don haka idan aka karkata kowa zai gane, kuma tana aiki ta hannun kwamitocin gundumomi da suka san gida-gida.

Amma mai bin cancanta kada ya ɗauka ya samu tudun dafawa. Shirye-shiryen nan suna da nasu raunin, kuma ba ƙarami ba ne. Na farko, darajar kuɗi tana narkewa. Lokacin da aka fara biyan 5,000, dala tana wajen naira 305 a farashin gwamnati. A 2024 ta haura 1,500. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba kafin a cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Naira 70 ta abincin ɗalibi ko da aka ƙara ta zuwa 100, ba ta sayen ƙwai guda a yau. Shirin da ba a ɗaure adadinsa da tsadar rayuwa ba, yana nan a takarda amma ya mutu a tukunya. Na biyu, ana iya tsayar da shi da sanarwa ɗaya. Matasan N-Power na rukuni biyu na farko, kimanin dubu 500, an sallame su a 2020, da yawansu suka koma inda suka fito. A Janairun 2024 Shugaba Tinubu ya dakatar da ministar jin ƙai, ya kuma dakatar da shirye-shiryen gaba ɗaya don binciken zargin karkatar da kuɗi. Binciken abu ne da ya kamata, amma matar da ke jiran kuɗinta a Wurno ba ta ci komai ba, ita aka fara yanke wa.

Na uku shi ne isowa. Tallafin naira 25,000 a wata har wata uku, da aka yi alkawarin bai wa gidaje miliyan 15 a 2023, an ɗaure shi da NIN da asusun banki ko na waya. Manufar toshe sunayen bogi ce, kuma tana da kyau, amma wanda ya fi talauci shi ne ya fi rashin waɗannan takardu. Ka tuna a watan Satumban 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan saboda 'yan bindiga. Mutumin Sabon Birni ko Isa da aka kora daga garinsu, gonarsa ta gagara nomawa, ba ya cikin ƙauyen da aka rubuta sunansa, makarantar da za a ciyar da ɗansa ma a rufe take. A gabashin jihar da wajen Tangaza da Gudu, duk wani zancen tallafi yana bayan zancen tsaro, kuma ban ga laifin wanda ya ajiye duka ma'aunan nan biyu ya ce shi wanda zai maido shi gida yake nema ba. Na huɗu kuma, wanda kowa ya sani, shi ne idan jerin sunaye ya faɗa hannun 'yan siyasar mazaɓa, shirin ya koma alherin jagora ta bayan gida, sai mai katin jam'iyya ke shiga.

Saboda haka abin da ya kamata a tambaya game da kowane shiri shi ne ko zai rayu bayan wanda ya kawo shi ya sauka. Misalai biyu daga cikin garin nan sun isa. A nan Sakkwato Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE ranar 30 ga Satumban 1999. A 2004 aka yi masa doka da ta ware masa kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, da sharaɗin jiha ta kawo nata kason kafin ta karɓa. Shugabanni huɗu sun zo bayansa, jam'iyya ta canza, kuɗin yana nan yana fita, kuma duk gwamnan da ya ƙi kawo kasonsa ana iya kama shi da alƙaluma. A nan ne kuma, a Gagi, Goodluck Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta zamani a Afrilun 2012, ta farko cikin sama da 150 da aka gina a faɗin ƙasar. Gini ya yi kyau, niyya ta yi kyau, amma ba a ɗaure ciyarwa da albashin malamai da wata doka mai tilasta wa jihohi ba, kuma jaridu sun sha ba da rahoton yadda da yawa daga cikin makarantun suka lalace bayan 2015. Irin tsarin UBE ne aka yi wa asusun lafiya na matakin farko, wanda dokar lafiya ta 2014 ta ware wa aƙalla kashi 1 cikin 100, aka fara sa shi a kasafin 2018, da nufin kowace mazaɓa ta samu asibiti guda mai aiki. Ɗan takarar da ya yi maka zancen waɗannan, ya gaya maka nawa aka karɓa, nawa aka kashe, ya fi wanda ya yi maka alkawarin sabon shiri mai ɗauke da sunansa.

Wani abin da ke rikita mai bin cancanta shi ne sanin wa zai gode wa. Kuɗi su fito daga Abuja ko Bankin Duniya, a raba su a harabar sakatariyar ƙaramar hukuma, ɗan majalisa ya tsaya a gaban kyamara, kowa ya tafi gida yana sa masa albarka. Bashin manoman shinkafa da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015 na Babban Bankin Najeriya ne, ba na gwamna ba. Albashin malamin firamare da maganin asibitin mazaɓa kuwa suna wuyan jiha da ƙaramar hukuma, ba za a ɗora wa shugaban ƙasa su ba. Wanda bai rarrabe wannan ba zai hukunta marar laifi, ya saka wa wanda bai yi komai ba.

Idan aka ajiye su gefe da gefe, ga yadda nake ganin su. A daren gaggawa, biyayya ta fi, babu tantama. A tsawon shekara goma, shiri mai doka ya fi, domin shi ne zai sa daren gaggawar ya ragu. Biyayya tana ba mutum ɗaya abu mai yawa, shiri yana ba mutane da yawa abu kaɗan. Biyayya tana ƙarewa ranar da jagora ya faɗi zaɓe, ko ya rasu, ko wani ya kai masa sukarka. Shiri yana ƙarewa ranar da aka daina sa masa kuɗi, amma aƙalla akwai takardar da za ka riƙe ka yi ƙorafi da ita, a rediyo ko a gaban ɗan majalisarka.

Ga wanda siyasa ce sana'arsa, yana da kati, yana da muƙami a mazaɓa, an san shi da gidansa shekara da shekaru, ba zan ce masa ya bari ba. Fitarsa ba za ta amfani kowa ba, kuma za ta raba shi da abin da ya gina. Ga bazawara, ga manomin albasa a fadama da bai taɓa taka ƙofar wani babba ba, ga matashin da ya gama jami'ar Danfodiyo ba shi da mai rubuta masa takarda, biyayya ba ta ba su komai ba, don haka babu bashin da ake bin su. Su duba asibitin mazaɓarsu ko akwai ma'aikaci da dare, su leƙa ajin 'ya'yansu ko akwai malami da benci, su tambayi kansu ko sunansu ya taɓa shiga wani jeri ba tare da sun san kowa ba, sannan su yi zaɓe da abin da suka gani. Mafi yawanmu kuwa muna tsakiya ne: an taɓa yi mana alheri, muna jin nauyinsa, amma ba mu sayar da kanmu ba. Ga irinmu, takardun zaɓe biyar ne, na shugaban ƙasa, sanata, ɗan majalisar wakilai, gwamna da ɗan majalisar jiha. Wanda ya tsaya maka a ranar wuya, in shi kansa yana takara kuma bai gaza a aikinsa ba, ka ba shi tasa. Amma alherinsa bai sayi sauran huɗun ba. Ni kam ta gwamna da ta ɗan majalisar jiha su na fi tsantseni a kansu, domin a hannunsu kasafin makaranta da asibiti yake, kuma su ne ke iya mayar da tallafi doka ko su bar shi a matsayin kyauta.

Ɗan a-mutun da ya zaɓi zama a gidansa, shi ma akwai abin da ke kansa, kuma shi ya fi kowa ikon yin sa. Idan jam'iyyarsa ce ke mulki, ya nema a taron mazaɓa cewa duk jerin sunayen masu karɓar tallafi, na taki ne, na kuɗi ne, ko na abincin azumi, a liƙa shi a ƙofar makarantar firamare ko a fadar hakimi mako guda kafin rabo, kowa ya karanta, wanda aka tsallake ya samu inda zai kai kuka. Idan kuma jam'iyyarsa ce ke adawa, ya sa ɗan takararsu ya faɗi a bainar jama'a waɗanne shirye-shiryen gwamnati mai ci zai ci gaba da su in ya hau, ya ambace su da sunansu, ya faɗi nawa zai riƙa ware musu a shekara.